Tambayoyin da ake yawan yi min kan tururin nukiliya, daga duwatsun Birni har Arlit

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin fizik ne a wata lise nan cikin Damagaram, kuma tun da maganar iraniyom ta cika gidajen radiyo 'yan shekarun nan ba na rabuwa da tambaya, a aji a tambaye ni, a fada wajen shan shayi a tambaye ni, har gida ake biyo ni da takardar likita a hannu. Shi ne na ce bari in tara su wuri ɗaya. Tambayoyin na bar su kusan yadda aka yi min su.

Malam wai shi wannan tururin nukiliyar mene ne, hayaƙi ne ko guba?

Sunan ne ma ya fara ruɗa mu. In an ce tururi sai mutum ya hango tukunyar dambu tana tashi, alhali shi wannan ba a ganinsa, ba ya wari, ba ya zafi a fata. Kowane abu a duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi, mafi yawansu zaune suke daram, amma akwai waɗanda cibiyarsu ba ta zauna daidai ba, kamar tulun da aka ɗora kan karkataccen gammo, ko ba daɗe ko ba jima sai ya goce. Ranar da ta goce sai ta harbo wani abu waje da ƙarfi, ita kuma ta rikiɗe ta zama wani sinadari dabam. Abin da take harbowa ɗin nan shi ne radiyasiyon, ko tururin da muke cewa.

Iri uku ne manya. Alfa, takarda ɗaya ko fatar mutum ta tare shi, amma in ya shiga ciki ta numfashi ko ta abinci shi ya fi ɓarna. Beta, sai ɗan falle na alminiyom. Gama kuma yana ratsa jiki ya wuce, sai dalma ko siminti mai kauri ke rage shi. Illarsu ɗaya ce, suna iya karya rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, jiki yakan gyara mafi yawa, amma in abin ya yi yawa wani gyaran sai ya kuskure, bayan shekaru ya zama cutar kansa, wato ciwon daji.

Wani Bafaranshe Henri Becquerel ne ya gano abin a 1896, ya ajiye gishirin iraniyom kan farantin hoto a naɗe cikin baƙar takarda, ya wanke ya tarar ya yi tabo ba tare da rana ta taɓa shi ba. Marie Curie da mijinta suka ɗora, suka gano poloniyom da radiyom a 1898.

Yana ƙarewa kuwa?

Yana raguwa rabi-rabi, kowane sinadari da nasa wa'adi. Iskar radon kwana 3.8 ta ragu da rabi. Seziyom 137 kusan shekara 30. Iraniyom 238 kuwa shekara miliyar 4.5. Tafasawa ko wanki ko shanya a rana ba sa canja wannan wa'adin ko da minti ɗaya.

Da gaske ne ko a nan da babu ma'adini muna shan sa?

Gaskiya ne wlh, kuma tun kaka da kakanni. Lokacin da nake karatu a Yamai aka fara kunna mana na'urar Geiger mai auna tururi a ɗakin gwaji, tebur babu komai a kai, amma tana ta ƙas... ƙas ƙas... ƙas, wani ɗan ajinmu ya ce ta lalace ne, malamin ya ce lafiyarta lau, ƙasa ce da bango da sama da jikinku take ji. Har yau in na tuna wannan ƙarar ina jin wani abu game da halittar Ubangiji.

Ana auna abin da jiki ya sha da milisibat. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin wannan harka ya ce a rahotonsa na 2008 matsakaicin mutum a duniya yana samun kamar 2.4 a shekara daga halitta kawai. Kusan rabi daga iskar radon ne da muke shaƙa, sai kamar 0.5 daga ƙasa da duwatsu da kayan gini, kamar 0.4 daga sararin samaniya, sai 0.3 daga ci da sha. Wake, gyaɗa, dabino, dankali, duk suna da potasiyom, kuma ɗan mitsitsin kaso na kowane potasiyom mai harbi ne. Babban mutum mai kilo 70, a jikinsa ƙwayoyi kusan 8,000 ne ke gocewa duk daƙiƙa. Kar wani ya ce zai bar dabino fa, jiki yana riƙe iya potasiyom ɗin da yake so ne ya zubar da saura a fitsari.

Akwai ma garuruwan da nasu ya ninka wannan sau da yawa, Ramsar a Iran, gaɓar Kerala a Indiya, Guarapari a Barazil, mutane na zaune suna haihuwa suna tsufa.

To duwatsun nan namu na Birni fa, an ce irinsu ne masu iraniyom, mu tashi kenan?

A'a, zauna gidanku. Gaskiyar da ke ciki ita ce Damagaram kan dutsen garanit take, shi ne ma dalilin da ya sa ruwa ke mana wuya tun zamanin Turawa, kuma garanit ko'ina a duniya ya fi yashi ɗaukar ɗan iraniyom da toriyom da potasiyom. Amma ɗan kaɗan ne, 'yan giram a cikin tan guda, nesa ƙwarai da ma'adinin da ake haƙa. Yaron da ke hawa dutse yana wasa ko tsohon da ke shan inuwarsa da la'asar babu abin da zai same su.

Inda ya kamata a sa ido shi ne radon. Iraniyom ɗin cikin dutse a hankali yake rikiɗewa har ya kai ga radiyom, radiyom ya haifi radon, shi kuma iska ce, tana sulalowa ta tsagar ƙasa da daɓen ɗaki. A fili iska ta kwashe ta, babu komai. A ɗakin da aka toshe ne take taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari radon ne na biyu wajen kawo kansar huhu, ta kuma ba da shawarar kar ya wuce bekerel 100 a kowace mita kub ta iskar ɗaki, in ya gagara kar dai ya haura 300 (bekerel ɗaya shi ne ƙwaya ɗaya ta goce duk daƙiƙa).

Mu nan zafi ya taimake mu, wata nawa muke kwana a tsakar gida, ƙofa a buɗe taga a buɗe. Lokacin ɗari ne nake jin tsoro, a toshe taga da tsumma da kwali a rufe ƙofa ruf, wani ɗakin ma tun gini ba a yi masa taga ba don gudun ɓarawo. Maganinsa ba ya cin ko dala, da safe a buɗe ɗaki ya sha iska, a lanƙwame tsagar daɓe da siminti. Kuma tunda mun zo nan bari in faɗa, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ya fi radon haɗari nesa ba kusa ba, radon shekaru yake ɗauka, hayaƙin gawayi kuwa dare ɗaya yake kwashe gida guda.

Iyayenmu mata masu fasa dutse a kariyar su ma an tambaye ni a kansu. Abin da ke cin huhunsu ƙurar dutsen ce da kanta, ita ke sa tarin da ba ya jin magani. Yayyafa ruwa kafin a fasa da rufe hanci shi ne taimakon.

Ruwan rijiya da na foraj fa?

Ruwan da ya daɗe kwance cikin dutse yana iya ɗauko radon, wani wuri har ɗan iraniyom. Radon mai sauƙi ne, in ruwa ya kwana a randa ko an juye shi daga bido zuwa bido yana fita. Iraniyom ba ya fita, tafasawa ma ƙara tattara shi take, kuma ƙoda yake wa illa a matsayinsa na ƙarfe mai nauyi tun kafin a zo maganar tururi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta sa microgiram 30 ce a lita. Ido ba ya gane wannan, harshe ma haka. Mu da muka ga abin da fuliyor ɗin ruwan foraj ya yi wa ƙasusuwan yara a Tibiri ta Maraɗi bai kamata a sake roƙonmu ba, duk unguwa ko attajirin da ya haƙa sabon foraj ya kai ruwan labo a gwada kafin a buɗe wa jama'a.

Anten ɗin rezo da aka kafa bayan gidanmu da salula ba su ne ke kawo kansa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma ita ce mafi ƙarancin abin damuwa. Anten, salula, wifi, telebijin, fano na sola, duk abin da suke fitarwa dangin igiyar radiyo ne ko haske, ƙarfinsa bai kai ya karya ƙwayar zarra ba, iyakarsa ɗan ɗumi. Ba dangin iraniyom ba ne sam. In ka kashe salula shi kenan ta yi shiru, dutsen iraniyom kuwa ba shi da makunni.

Likita ya rubuta wa yarona radiyo, wato hoton ƙashi ko ƙirji, an ce tana rage kwana, in yarda?

Ki yarda inna, dan Allah ki yarda. Wata maƙwabciyarmu ɗanta ya faɗo daga kan katanga hannu ya kumbura, aka rubuta radiyo ta naɗe takardar ta sa a bakin zane, ta ce an gaya mata hoton yana shanye jinin yaro, ta kai shi wajen ɗori. Karayar a gwiwar hannu take, irin wadda sai an gani ake iya daidaitawa. Yau yaron ya kai aji shida, hannun dama ba ya miƙewa, in zai rubutu sai ya karkatar da kafaɗa duka ya kwanta kan kaye. Duk ranar da na gan shi raina yana ɓaci.

Hoton ƙirji ɗaya kamar milisibat 0.1 ne, wato kwatankwacin abin da za ki samu daga halitta cikin sati biyu kina zaune gida. Na hannu ko ƙafa bai ma kai haka ba. Kuma babu abin da ke saura a jiki, ana kashe na'ura ya wuce, kamar an kashe tocila.

Sikana ita ce babba, ta ciki tana iya kai 8 zuwa 10, daidai da na shekara uku ko huɗu a tashi ɗaya. Ita ma in likita ya ga dalili a yi, ciwon da ba a gano ba ya fi ta haɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya je da kansa ya ce a yi masa sikana don yana da kuɗi, ko a sake hoton da aka yi satin jiya don an yar da na farko. Ku riƙa adana hotunanku a ambulan ku tafi da su. Mai ciki, ko wadda take zaton ciki, ta faɗa tun kafin ta shiga ɗakin, ba abin kunya ba ne. Eko da ake wa masu ciki kuma sauti ne kawai, babu tururi a ciki.

Shi wannan tururin da ake tsoro da shi ake ƙona cutar kansa. Nijar ta samu cibiyarta ta farko ta irin wannan magani a Yamai a 2021, kafin nan sai mai hali ya fita waje.

Na Arlit yana isowa Damagaram? Kuma su mutanen can fa?

Tsakaninmu da Arlit kusan kilomita 700 ne ta hanya, tururin gama ba ya tafiyar ko kilomita biyu a iska balle wannan, radon kuma kafin ya yi nisa ya watse. Manyan kamiyon da suka yi shekaru suna jigilar garin iraniyom zuwa Kwatano ta Tawa da Doso suke bi, ba ta nan ba.

Amma kar wannan ya sa mu ce ba ruwanmu, gida nawa ne a Zango da Garin Malam da ba su da wani a Arlit ko Akokan? An gano iraniyom a Azelik a 1957, ma'aikatar haƙa ta SOMAIR ta fara fitarwa a 1971, ta COMINAK mai ramin ƙarƙashin ƙasa a 1978, aka rufe ta 31 ga Maris 2021. In an tatse iraniyom daga dutse, dusar da ta rage tana riƙe da mafi yawan tururin, don radiyom da toriyom suna cikinta, kuma a COMINAK kaɗai ana maganar tan miliyan 20 tsibi guda kusa da gari. Dusar nan za ta yi dubban shekaru tana fitar da radon, iska na ɗibar ƙurarta, abin tsoro kuma shi ne ta tsiyaya cikin ruwan ƙasa, a wurin da ruwan ba sabuntuwa yake ba.

Ƙungiyar Aghirin'man ta 'yan Arlit ta daɗe tana kuka, labo ɗin CRIIRAD na Faransa ya zo ya auna tun 2003, Greenpeace ta zo a Nuwamba 2009 ta tarar da wani wuri kan titin Akokan da awonsa ya kusa ninka na al'ada sau 500, saboda an yi ciko da tarkacen dutsen ma'adini, daga baya kamfanin haƙar ya kwashe. An kuma samu ƙarafan ma'aikata masu gurɓata a kasuwa, waɗanda mutane ke saye su yi rufi ko kayan gida.

Kawuna ya yi aiki a can shekaru, ina tuna ɗan akwatin awo da suke maƙalawa a jiki duk wata a karɓa a duba. Doka ta duniya ita ce ma'aikaci kar ya wuce milisibat 20 a shekara, sauran jama'a 1 a kan na halitta. Ni a ganina duk wanda ya taɓa wannan aiki haƙƙinsa ne a ba shi lissafin abin da ya sha a rubuce, a kuma ci gaba da duba huhunsa bayan ritaya. Yanzu da gwamnati ta karɓi SOMAIR a 2025, tsibin dusar bai san an canja mai gida ba, kuma wanda ya karɓi ma'adini ya karɓi nauyin rufe ta da aunawa da gaya wa mutanen gari sakamako.

An ce Faransa ta tayar da bam a Sahara, hazon hunturu yana kawo mana gubarsa?

Ta tayar. Na farko 13 ga Fabrairu 1960 kusa da Reggane a Aljeriya, ya ninka na Hiroshima kamar sau huɗu. Gaba ɗaya 17 zuwa 1966, huɗu a fili sauran cikin dutse a In Ekker, inda na 1 ga Mayu 1962 ya ɓalle ya fito waje. Najeriya har ta kori jakadan Faransa a farkon 1961 kan wannan. Mutanen wuraren an zalunce su, har yau akwai tarkace binne a yashi.

Hazonmu dai mafi yawansa daga arewa maso gabas yake zuwa, wajen kwarin Bodele a Cadi, Reggane kuma tana arewa maso yamma, fiye da kilomita 1,500. Ana samun ɗan burbushin seziyom a ƙurar Sahara kamar yadda ake samu a ƙasar ko'ina, don Amurka da Tarayyar Sobiyat sun tayar da ɗaruruwa a sama ya zagaye duniya. Abin ya kai ƙololuwa a 1963 da kamar milisibat 0.11 ga mutum, yau ya sauko kusan 0.005. Mu rufe hanci lokacin hazo saboda asma da tari da sanƙarau, wannan dalilin ya isa.

Taba fa, me ya haɗa ta da wannan?

Ganyen taba yana tara poloniyom 210 da dalma 210, hayaƙi ya kai su huhu su zauna suna harbin alfa. In aka haɗa taba da radon haɗarin ninkuwa yake, shi ya sa mafi yawan waɗanda radon ke kashewa mashaya ne. Ƙanena da ke tsoron anten yana busa kwali guda a rana cikin ɗaki a rufe, ga inda zai fara.

Jirgin Hajji?

Sama tana da nata tururin mai zuwa daga rana da taurari, iskar duniya ce garkuwarmu, in ka yi sama sai ta yi siriri. Tafiyar Jidda ba ta wuce hoton ƙirji ɗaya ba. Allah ya karɓi ibada.

Yaranmu masu tafiya haƙar zinariya Jado fa?

Duk rami mai zurfi marar iska yana tara radon, ko wane irin dutse ne. Amma can ruftawar rami da hayaƙin gurup da ƙura da zaibar da ake ƙonawa su ne a gaba. Ramin shan iska na biyu yana maganin radon da hayaƙi tare.

Ni tsohon ƙarfe nake saye, akwai abin da zan kiyaye?

Akwai, kuma cikin duk waɗanda suka tambaye ni kai ne nake so ka fi riƙe amsa. Asibitoci, masu haƙar mai, masu duba waldar bututu, masu auna daɓen hanya, duk suna aiki da wasu ƙananan kwalaye na ƙarfe da aka rufe sinadari mai tsananin ƙarfi a ciki. Muddin suna cikin gidansu na dalma lafiya lau. Matsalar ita ce in sun ɓata sun faɗo cikin bola.

A garin Goiania na Barazil, Satumba 1987, wasu mutum biyu suka ciro kan na'urar ƙona kansa daga asibitin da aka watsar, suka fasa suka sayar wa mai sayen ƙarfe. Da dare ya ga gari a ciki yana walƙiya shuɗi, ya burge shi, ya kai gida ya rarraba wa dangi, wata yarinya 'yar shekara shida ta shafa a jiki ta ci abinci da hannun. Seziyom 137 ne. Mutum huɗu suka rasu har da ita, aka auna mutum 112,000, aka samu 249 da ya taɓa, aka rushe gidaje. Amai da zawon da suka fara kowa ya ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki.

To alhaji ka gaya wa yaranka masu turo kura su san tambarin, kamar fanka mai fiffike uku, baƙi ko ja a kan rawaya. In abu ƙarami ne amma nauyinsa ya wuce girmansa, ko yana da wannan tambari, ko ƙarfe ne da aka ce daga ma'aikatar Arlit ya fito, kar a fasa, kar a sa a aljihu, kar a kai maƙera. A matsa nesa, don in ka ninka tazara sau biyu ƙarfinsa yana raguwa sau huɗu, a hana yara zuwa, a sanar da jandarma ko 'yan kwana-kwana su kira hukumar ARSN da ke Yamai mai kula da tsaron nukiliya. Wanda kuma ya riga ya taɓa ya wanke hannu da sabulu, ya tuɓe kayan ya ƙulle a leda, in ya je asibiti ya faɗa wa likita ainihin abin da ya riƙe da awa nawa ya yi tare da shi.